Zanen Gawayi a Bangon Hansai

Hansai ba ta riƙe littafin bashi,
bangon madafa shi ne takardarta.
Duk wanda ya ɗauki man gyaɗa bai biya ba
sai ta ja masa layi da gawayi,
gajere na kwalba, dogo na galan,
sunan mai shi kuwa yana cikin kanta.

Da kan nan nata ta tafi, wata Laraba,
bayan la'asar, kogin Logon na cike har baki.
Zazzaɓin kwana huɗu ne kawai.
Ko takalminta ba a kawar daga ƙofa ba.

Aka yi uku, aka yi bakwai,
'yan gaisuwa na Injamina suka haye gada,
tabarmin aro suka koma gidajensu.
Aka bar ni da kaskon suya da muciya
da layi sittin da ɗaya a bango
waɗanda babu mai iya karanta su.

Na ƙirga su. Na sake ƙirgawa da fitila.
Dare a Kusiri ba ya ƙarewa
in gefen katifa ya yi sanyi.
'Yata Tasalla ta ce, Baba, a shafe da farar ƙasa.
Na ce wanda ya taɓa bangon nan, ni da shi.
Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar,
ta yi shiru, na fita, na rasa inda za ni.

Bayan arba'in Falmata mai ƙosai ta yi sallama,
ta kwance bakin zane, dala ɗari uku.
Na ce ban san da shi ba.
Ta ce ni na sani, ita ma ta sani.
Ta shige madafa ba ta nemi izini ba,
ta ɗora yatsa a layin kusa da taga,
ta goge shi da gefen mayafi.
Ji na yi kamar an cire min haƙori da ɗanyen ƙarfe.

Amma kafin ta tafi ta zauna a kan turmi,
ta ce ranar da ta ja wannan layin
dariya take yi har man ya zube,
wai kai ne ka sa gishiri a shayi.
Na yi dariya. Na tsorata da jin muryata.

Daga nan suka riƙa zuwa.
Abakar masunci ya biya da bandar tarwaɗa,
ya ce ta hana shi biya sai kwalekwalensa ya gyaru.
Wata Bashuwa da ban taɓa gani ba
ta ce ta ce mata sai jaririn ya yi haƙori,
ga shi nan, ta buɗe bakinsa, biyu a ƙasa.
Shekara ashirin da shida muna cin tuwo ɗaya,
ashe rabin matar nan a gidajen mutane take,
yanzu ake dawo min da ita kwalba-kwalba.

Wasu ba su zo ba. Na yafe, ko ita ta yafe.
Damina ta yi, danshi ya cinye na ƙasa.

Saura ɗaya, gajere, a bayan ƙyaure.
Shi na san mai shi.
Kwalbar da na ɗauka na kai wa ƙanwata a ɓoye,
ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, na rubuta.
Wa zan biya? Na bar shi nan.

Jiya da asuba ƙamshin gyaɗa ya tashe ni.
Tasalla ce a bakin murhu, ta ɗaura zanen uwarta,
gawayi a hannu, tana duban bango, tana dubana.
Na ce ja naki, 'yar nan,
sai dai ki fara daga can ɓangaren taga.
Allah ya ji ƙan Hansai. Zuba min shayi.